Ya Ce Tunda Ya Miƙa Wuya, Ba Wanda Ke Bin Sa Bashi

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne daga Arewa, ina shekarar ƙarshe ta karatun harhaɗa magunguna a wata jami'a da ke kusa da Delhi a Indiya. Tun zuwana ɗaki ɗaya muke da wani ɗan ƙasar, mabiyin addinin Hindu, kuma ban taɓa samun abokin zama irinsa ba. Da azumi shi ke tashina sahur. Da zazzaɓin dengue ya kwantar da ni, shi ya kwana da ni a asibiti, mahaifiyarsa kuma ta riƙa aiko min abinci daga garinsu.

Bara ciwon ƙoda ya kama mahaifinsa, wankin ƙoda ya cinye duk abin da suka mallaka. Na ranta masa rupi 70,000 daga kuɗin makarantar da Baba ya turo min, bisa alkawarin zai biya kafin zangon ƙarshe. Daga baya uban ya rasu. Tun daga nan abokina ya sauya. Ya daina shiga aji, ya faɗi kwas biyu, ba ya barci, sai jan carbi da sauraron wa'azi a waya. Wata biyu ke nan da ya tattara ya tafi Vrindavan, wani gari mai tsarki a wurinsu, ya aske kansa, ya tare a wani gidan ibada. Da na tuna masa maganar kuɗin, sai ya turo min wata aya daga littafinsu, wai duk wanda ya miƙa wuya ga Krishna, abin bautarsu, ɗungurungum ba wanda ke bin sa bashi, ba iyaye ba, ba dangi ba, ba sauran mutane ba. Ya ce in daina neman abokin da na sani, wancan ya mutu.

Shi kaɗai ne namiji a gidansu, sai ƙanwarsa da ke sakandare. Mahaifiyarsa takan kira ni tana kuka, tana ce min ɗanta, wai in je in dawo mata da shi tunda yana jin maganata. Ita ba ta san da bashin ba. Baba ma bai san na taɓa kuɗin ba, ga shi saura wata biyu a rufe biyan kuɗin zango. Malam, da gaske addininsu ya ce haka? In je, ko in cire hannuna? In nemi kuɗina wurin uwar, ko in haƙura? Wani lokaci tausayinsa nake ji, wani lokaci kuma ji nake an cuce ni.

Wani ɗalibi, daga Indiya

Wa alaikumus salam, ɗana. Tausayin da haushin duk suna da gurbinsu, kada ka zargi kanka a kan ko ɗaya. Mutumin da ya kwana a gefen gadonka a asibiti ya cancanci ka damu da shi. Mutumin da ya karɓi kuɗinka da alkawari, sannan ya turo maka aya a madadin ban haƙuri, ya ɓata maka, kuma dole abin ya yi ciwo.

Bari in fara da tambayarka ta farko, don sauran duk a kanta suka rataya. Ayar ba ƙirƙirarta ya yi ba. Tana cikin Bhagavata Purana, littafin da masu bautar Krishna suke ɗaukaka ƙwarai, a kashi na 11, babi na 5, aya ta 41, inda wani babban malaminsu mai suna Karabhajana yake yi wa Sarki Nimi bayani. Abin da take cewa shi ne, wanda ya bar komai ya nemi mafaka wurin Krishna da dukkan zuciyarsa ya fita daga bautar alloli da malaman farko da halittu da dangi da mutane da kakanni, kuma ba wanda ke bin sa bashi a cikinsu. Tana da 'yar'uwa da ta fi ta shahara a Bhagavad Gita, babi na 18 aya ta 66, inda Krishna ke ce wa wani jarumi mai suna Arjuna ya bar duk wasu wajibai ya fake da shi kaɗai, zai kuɓutar da shi daga dukkan zunubi, kada ya yi baƙin ciki. Don haka in ka je ka ce masa ƙarya yake, littafi zai buɗe ya nuna maka, kai kuma bakinka ya mutu daga nan.

Amma wane bashi ake nufi? A tunanin Hindu tun daga Veda, tsofaffin littattafan addininsu, da bashi ake haifar mutum. Malaman farko suna bin sa, ya biya su da karatu. Alloli suna bin sa, ya biya su da hadaya. Kakanni suna bin sa, ya biya su da haihuwar 'ya'yan da za su ci gaba da zuriya. Sannan aka ɗora wa magidanci hidimomi biyar na kullum: karatun littafi, zuba hadaya a wuta, zuba wa kakanni ruwa, ajiye wa dabbobi da tsuntsaye abinci, da karɓar baƙo. Ka ajiye wannan jeri kusa da jerin da ke cikin ayar, za ka ga kusan abu ɗaya ne. Ayar tana gaya wa mai ibada ne cewa in zuciyarsa ta koma wuri guda, ba sai ya bi kowane abin bauta da kowane kaka da hadayarsa daban yana tsoron fushinsu ba. Hujjar da littafin ya kawo a kashi na 4 ita ce, wanda ya ba saiwar itace ruwa ya shayar da rassa da ganye gaba ɗaya. Sauƙi ne ake yi wa mai tsoro. Rupi 70,000 da ka tura masa, ya ce zai biya kafin zango kaza, ba da shi aka haife shi ba. Da bakinsa ya ɗauka, kuma alkawari kaya ne a wurinsu kamar yadda yake a wurinmu.

Littafin da ya ciro ayar daga ciki shi ne babban mai ba ka shaida a nan. A kashi na 8 akwai labarin Sarki Bali, wanda ya yi wa wani ɗan gajeren baƙo alkawarin ƙasa taku uku. Malaminsa Shukracharya ya gane Vishnu ne, abin bautar da suke ɗauka ɗaya ne da Krishna, ya zo a ɓoye zai raba shi da mulki, ya ce masa ya janye maganar, har ya jero masa wuraren da aka yi rangwame a kan ƙarya. Bali ya ƙi. Ya ce ƙasa da kanta ta faɗa cewa za ta iya ɗaukar kowane nauyi ban da na maƙaryaci. Taku biyu suka cinye sama da ƙasa, da aka rasa inda za a sa na uku sai ya miƙa kansa aka taka. To a wurin masu bautar Krishna, in ana lissafa hanyoyi tara na ibada aka zo kan miƙa kai gaba ɗaya, Bali ne misalin da ake kawowa. Wato gwarzon miƙa wuya a wurinsu mutum ne da ya rasa mulkinsa don kada ya saɓa alkawari. Ban ga yadda za a yi tafiya a bayan Bali da kuɗin makarantar aboki a wuya ba.

Maganar mahaifiya ta fi wannan sarƙaƙiya, kuma gara in gaya maka gaskiya a kanta. Barin gida don ibada tsohuwar hanya ce mai daraja a addinin Hindu, su kansu kuma sun daɗe suna saɓani a kan lokacinsa. Littafin dokokin Manu ya ce sai mutum ya biya basussukan nan uku kafin ya juya ga neman kuɓuta, wanda ya yi gaggawa ƙasa zai yi. Wani littafin, Jabala Upanishad, ya ce ranar da duniya ta fita daga ran mutum, ranar ya tafi. Kowane ɓangare yana da malamai da mabiya. Ba kai za ka raba musu wannan gardama ba, ni ma ba ni ba.

Abin da za ka iya riƙewa shi ne yadda manyansu suka tafi in sun tashi tafiya. Ita Gita, a filin yaƙi aka faɗe ta, ga Arjuna, mutumin da ya ajiye bakansa ya ce gara ya rayu da bara da ya yi abin da ke gabansa. Har zuwa babi na 18 Krishna yana hana shi gudu, kuma bayan waccan aya ta barin komai, amsar Arjuna ita ce zai yi abin da aka umarce shi, ya ɗauki makaminsa. A babin na 18 ɗin dai, aya ta 8, an ce wanda ya bar aiki don yana da wahala, ko don tsoron gajiyar jiki, ba zai sami ladan bari ba. Ramanuja, babban malamin miƙa wuya na kudancin Indiya a ƙarni na 11 zuwa na 12, ya karanta ayar ta 66 da cewa mutum ya ci gaba da aikinsa a matsayin bauta, abin da zai saki shi ne kwaɗayin sakamako da ganin cewa shi ne mai yi. Akwai malaman da suka karanta ta a kan barin aikin kansa. Sai dai Shankara, jagoran wannan ra'ayi, ruwayarsu ta ce bai bar gida ba sai da uwarsa ta yarda, ya yi mata alkawarin zai dawo lokacin mutuwarta, ya kuma dawo ya yi mata jana'iza da hannunsa duk da surutun dangi.

Wanda ya fi kusa da abokinka shi ne Chaitanya, mutumin Bengal da aka haifa a 1486, wanda almajiransa ne suka raya Vrindavan ta zama yadda take. Ya bar uwa da mata a 1510 yana ɗan shekara 24, wannan ba a ɓoye yake ba. Vrindavan ya nufa. Amma da ya haɗu da mahaifiyarsa Shachi bayan ya aske kai, ya ce mata duk inda ta zaɓa nan zai zauna, ta zaɓi garin Puri saboda matafiya suna kai da kawo tsakaninta da garinsu, za ta riƙa jin labarinsa. Nan ya zama mazauninsa har ƙarshen rayuwarsa, ko da yake ya yi tafiye-tafiye, yana aika mata manzo da saƙo. Littafin tarihinsa da Krishnadasa Kaviraja ya rubuta ya kawo yadda ya yi da samari masu zumuɗin barin gida. Raghunatha Dasa, ɗan masu dukiya, ya ce masa ya natsu ya koma gida, kada ya yi hauka, a hankali ake ƙetare teku, kuma kada ya yi zuhudun biri don mutane su gani. Abokinka zai ce maka ai daga baya Raghunatha Dasa ya gudu ya bar gidan, kuma gaskiya ne, amma gidan masu arziki ya bari, ba bazawara da 'yar sakandare ba. Wani Raghunatha ɗin, wanda ake ce wa Bhatta, iyayensa sun tsufa, sai Chaitanya ya mayar da shi garinsu Varanasi ya yi musu hidima. Shekara 4 ya yi yana jinyarsu har suka rasu, sannan aka tura shi Vrindavan. Shi kuwa Rupa Goswami, wani babban almajirin Chaitanya, da zai bar aikin fada, zama ya yi ya raba dukiyarsa: rabi sadaka, kashi ɗaya cikin huɗu ga iyali, sauran ya ajiye don larura. Kabarin Rupa yana nan a Vrindavan, mai yiwuwa abokinka yana wucewa ta gabansa.

Na daɗe a kan wannan ne don ka shiga garin da ƙafarka a ƙasa, ba don ka je ka yi masa muƙabala ba. Domin a ganina matsalar abokinka ba ta ilimi ba ce.

Ka dubi abin da ya faru da shi a jere. Ya ga uba yana ƙarewa a kan injin wanki, kuɗi suna ƙarewa tare da shi. A al'adarsu ɗa namiji ne ke sa wa gawar uba wuta, shi ke kai toka kogi, shi ke zaman kwanakin makoki har zuwa na 13, kuma daga ranar kowa a dangi kallon maigida yake yi masa. Ya dawo makaranta da uwa a wuya, da ƙanwa, da bashinka, wataƙila da basussukan da ba ka sani ba, sai ga faɗuwa a kwas biyu. Yaron da ke cikin wannan hali in ya ji ayar da ke cewa ba wanda ke bin ka komai, kada ka yi baƙin ciki, zai kama ta da hannu biyu. Kunya ce ta sa ya turo maka aya, don ya fi sauƙi a ce "ba a bi na" da a ce "ba ni da shi, kuma ban san ranar da zan samu ba". Wannan bai nuna cewa ibadarsa wasa ce ba. Yana yiwuwa da gaske ya sami natsuwa a can wadda bai samu a ko'ina ba tun rasuwar, kuma ka girmama hakan. Amma rashin barci, janyewa daga mutane, da cewa wanda ka sani ya mutu, alamu ne da likitan ƙwaƙwalwa zai so ya duba. Kai ɗalibin lafiya ne, ka san baƙin ciki yakan zarce ya zama ciwo. In ka ga ya rame sosai, ko yana maganar barin jiki da gaggawar tafiya, ka tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta sa mutum aikatawa. Gwamnatin Indiya tana da layin taimako na kyauta, Tele-MANAS, lamba 14416, da aka buɗe a 2022, ana amsawa dare da rana cikin harsuna da yawa. Ka ajiye lambar, ka ba mahaifiyarsa ma.

Ka je. Amma kada ka ɗauki alkawarin da mahaifiyar ta ɗora maka na dawo da shi. Baligi ne, ba wanda ke da ikon jan sa, kuma in ka yi mata alkawari ka dawo hannu rabbana za ka ƙara mata ciwo. Ka ce mata, "Mama, zan je in gan shi, in gaya miki halin da yake ciki, in roƙe shi ya kira ki." Wannan kana iya cikawa. Ka nemi ta haɗa ka da namiji babba daga dangi, kawunsa in akwai, wanda yaron ke jin nauyinsa ba tare da tsoro ba. Kai baƙo ne a ƙasar, kuma Musulmi, bai dace a ce kai kaɗai ka shiga gidan ibadar mutane kana maganar fitar da almajirinsu ba. Vrindavan tana gundumar Mathura a jihar Uttar Pradesh, kusan kilomita 150 daga Delhi, tafiyar yini guda ce zuwa da dawowa. Ka sanar da shi kafin ka taso, kada ka yi masa dirar mikiya.

Za ka same shi da 'yar jakar ƙyalle a hannun dama, ɗan alinsa a waje, yana jan carbin itacen tulsi mai ƙwaya 108, mai yiwuwa da alamar farar ƙasa a goshi. Kada fuskarka ta nuna mamaki. Ka cire takalmi inda ake cirewa. Ba dole ka shiga ɗakin bautar ba, kuma in an miƙo maka abincin da aka fara gabatar wa abin bauta, ka yi godiya ka ce addininka bai ba ka dama ba. Wanda ya tashe ka sahur shekara da shekaru ba zai ji haushin wannan ba. Ku nemi wuri a waje ku zauna. Wannan tafiya ba ta wa'azi ba ce, kada ka kushe abin da yake bautawa, kada kuma ka gwada masa namu addinin a ranar da yake ganin kowa ya zo ƙwace masa abin da ya rage masa. Ka fara da tambayar lafiyarsa, barcinsa, abin da yake ci, da abin da ya samu a can. Ka bar shi ya yi magana har ya gaji. In ya kawo ayar, sai ka ce ka ji labarin Bali da na Raghunatha Bhatta, kana so ya bayyana maka yadda suka dace da abin da ya turo maka. Tambaya ce ta aboki, shi ya fi ka sanin labaran, bar shi ya kwana da su.

Abubuwa ƙanana za ka roƙa, waɗanda ba sai ya bar ibadarsa zai yi su ba. Ya kira mahaifiyarsa a gabanka, ya kuma sa ranar da zai riƙa kiranta duk mako. Ya rubuta wa jami'a takardar neman ɗage karatu saboda rasuwar uba, don kada a share sunansa, kai ka kai masa ita ofis. In ba a riga an yi sadakar cikar shekara ta mahaifinsa ba, ɗa namiji ake jira a wurin, kuma wannan dalili ne na zuwa gida da ba zai ji an kayar da shi ba. Ka tuna masa cewa a hanyarsu akwai wanda ya miƙa wuya yana cikin gida. Bhaktivinoda Thakur, wanda ya rayu daga 1838 zuwa 1914, majistare ne mai iyali da yawa, kuma waƙoƙinsa na miƙa wuya da ya fitar a 1893 har yau ana rera su a garin da abokinka yake zaune. Mai harhaɗa magunguna da ke jan carbinsa da asuba, yana ciyar da uwarsa, yana zuwa Vrindavan duk wata, bai fita daga hanyar ba.

Kai da kawun ku nemi ganin babban gidan. Ku gaya masa gaskiya cikin ladabi: yaron nan ɗa ɗaya ne ga bazawara, saura masa zango ɗaya ya gama, kuma akwai bashi a kansa. Amsarsa za ta nuna muku irin gidan. Malamin kirki zai kira yaron ya ce ya je ya gama abin da ya faro, kuma kalma ɗaya daga bakinsa ta fi ɗari daga naka. In kuwa kuka ga ana hana shi waya, ana ce masa uwa tarko ce, ko ana tambayar gado da filin gidansu, to kawun ya koma ya tara dangi su san matakin ɗauka, kai kuma ka ja baya daga nan.

Yanzu maganar kuɗi, kuma a nan zan ɗan matsa maka. Ka kira Baba a wannan makon, kafin ma ka sayi tikitin Mathura. Na san abin da kake tsoro. Amma kuɗin nasa ne, don wata manufa ya turo su, kai ka karkatar da su ba da saninsa ba, ko da yake don ceton rai ka yi. Zai yi faɗa, mai yiwuwa sosai. Faɗan da zai yi yau, da saura wata biyu a nemi mafita, ya fi wanda zai yi in ya ji labari bayan an hana ka jarrabawa. Ka gaya masa komai, har da jinyar da yaron ya yi maka da abincin da uwarsa ta riƙa aikowa, don dattijo ya san nauyin irin wannan. Sannan ka je ofishin ɗalibai baƙi da na kuɗi ka nemi a raba maka biyan kashi-kashi, a rubuce. Kada ka jira ranar ƙarshe, domin zamanka a ƙasar a kan takardar shaidar ɗalibta ya dogara, in makaranta ta riƙe ta, sabunta biza zai zame maka wani ciwon kan. Ka yi lissafinka a kan cewa kuɗin nan ba za su dawo cikin wata biyu ba. In sun dawo, alhamdu lillahi.

Haƙura da bashin kuwa ba naka ba ne kai kaɗai, sai da yardar mai kuɗin. Abin da ke hannunka shi ne jinkiri, kuma Alƙur'ani a Suratul Baƙara aya ta 280 ya ce a saurara wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu, yafewa kuma ta fi alheri. Ka ajiye shaidar turawar da saƙonnin da kuka yi. A dokar Indiya wa'adin neman bashi irin wannan a kotu shekara 3 ne, kuma in wanda ake bi ya amsa a rubuce da sa hannunsa kafin wa'adin ya cika, lissafi yakan sake farawa. Ban ce ka kai shi ƙara ba, ban ma ga alfanun hakan ba ga ɗalibin da ya kusa barin ƙasa. Amma a ƙarshen zamanku, ba a farkonsa ba, ka ce masa, "Ban zo karɓar kuɗi yau ba, na san ba ka da su. Ina so kawai ka rubuta cewa ina bin ka, za ka biya in ka samu." Wannan 'yar takarda za ta yi masa amfani fiye da kai, don za ta mayar da dutsen da yake gudu ya koma abin da ake iya biya kaɗan-kaɗan. In ya bar kaya a ɗaki, kwamfuta ko babur, ko yana da kuɗin ajiya a hostel, shi zai iya cewa a sayar a rage, da izininsa a rubuce. Kada ka taɓa ko allura da kanka.

Mahaifiyar kuma, kada ka kai mata takardar bashi. Ba ita ta ranta ba, kuma matar da ta rasa miji, ɗa ya tafi, tana kiranka ɗanta, ba a buɗe mata wannan ƙofar. In ta tambaye ka kai tsaye, kada ka yi mata ƙarya, ka ce akwai, amma tsakaninka da shi ne, kuma ba ka gaggawa. Kawun dai ya kamata ya sani, don dangi su san cikakken nauyin da ya kori yaron. In su da kansu suka kawo wani abu, ka karɓa ba tare da jin kunya ba, ka gaya wa Baba.

Yana yiwuwa ka yi duk wannan ya ce yana nan daram. In haka ta faru, kada ka yanke zumunci, kada kuma ka mayar da kanka ɗan da ya tafi. Kai ma uwa tana jiranka a gida, kuma bayan 'yan watanni za ka bar ƙasar. Kafin ka tafi ka tabbatar kawun yana da lambar gidan ibadar da sunan babbansu, ƙanwar ta san wanda za ta kira in wani abu ya taso, jami'a kuma ta karɓi takardar ɗage karatun. Ka riƙa tura masa gaisuwa lokaci-lokaci ba tare da ambaton kuɗi ba, don samari da yawa da suka tafi irin wannan tafiya cikin zafin rashi sukan so dawowa bayan wata shida ko shekara, abin da ke hana su shi ne kunyar waɗanda suka ɓata wa. In ya san akwai mutum ɗaya da zai ɗauki wayarsa ba tare da gori ba, kai zai fara kira.

Allah ya ba ka sa'ar jarrabawa, ya sanyaya zuciyar Baba. Ka rubuto min bayan ka dawo daga Vrindavan, musamman abin da babban gidan ya ce.